Na'urar da Ban Taɓa Taɓawa Ba

Daga shataletalen Agoro har bakin Kongo, ba na jin akwai wanda ya kai ni sanin na'urar zaɓen jihar Kaduna a cikin mutanen da ba su taɓa ɗora mata yatsa ba. Tun da aka ce ranar 12 ga Mayu, 2018 za a yi zaɓen ƙananan hukumomi da ita, irinsa na farko a Nijeriya, na bi duk abin da jaridu suka rubuta a kanta. Na san daga Chana aka kawo ta. Na san tana da allo mai nuna alamomin jam'iyyu, ka taɓa ta ciyaman, ka taɓa ta kansila, ka tabbatar, shi ke nan. A majalisarmu ta teburin mai shayi ni nake fassara wa jama'a wannan ci gaba, kuma da yake ina koyarwa a makarantar sakandare, ba a cika yi mini musu ba sai na tashi.

Ranar zaɓe na sa farar shadda, na riga kowa zuwa rumfar layinmu. Malamin zaɓe ya karɓi katina, ya bi rajista da yatsa daga sama har ƙasa, ya juya shafi, ya sake komawa.

"Malam, ai kai ba namu ba ne."

"Ni? Ga gidana can ana hango tankin ruwansa."

"Ban ce ba ka da gida ba, ranka ya daɗe. Duba nan."

Ya nuna mini wasu lambobi a jikin katin waɗanda ban taɓa damuwa da su ba. Ta farko 18, wato jihar Kaduna. Ta biyu ya kamata ta zama 23, wato ƙaramar hukumar Zariya. Tawa 19 ce. Sabon Gari.

A watan Janairun 2011, lokacin da Attahiru Jega ya sa aka sabunta rajistar ƙasa gaba ɗaya, ina gwauro a Muciya, can na bi layi aka ɗauki yatsuna goma. Daga baya na yi aure, na tsallako Kubanni da katifa da kujeru da komai, amma a wurin hukuma ina nan zaune a Muciya. Abin da mutane da yawa ke cuɗawa ke nan: hukumar zaɓe ta jiha, KADSIECOM, ita ke shirya zaɓen ciyaman 23 da kansila 255, amma ba ta yi wa kowa rajista. Rajista da kati na INEC ne, ta ƙasa, ita kuma ta jiha ta karɓi kundin ta yi aiki da shi. Inda kundin ya ajiye ka, nan akwatinka yake, ko da kana kwana a bakin wata rumfar.

Na ce to, Muciya ai ba Makka ba ce. Sai dai an hana zirga-zirgar abin hawa, babu ɗan acaɓa, babu Keke. Na kama hanya a ƙasa cikin ranar Mayu. A bakin gada jami'an tsaro suka tsayar da ni, na nuna kati, na yi musu bayanin 19 da 23 har suka gaji suka ce in wuce. Ko da na isa tsohuwar unguwata, shadda ta koma ruwan ƙasa, ana ɗaura na'urar a cikin jakarta. Igiyar cajinta kawai na gani tana reto. Tsohon mai gidan hayata ya gane ni, ya ba ni ruwa, sannan ya tuna mini da wani kuɗin wuta da ya ce na tafi ban biya ba.

Da na koma majalisa aka tambaye ni yaya na'ura, na ce sai wanda ya gani.

Wani abokina direba ya ba ni shawara in je in yi sabuwar rajista kawai, in ce ban taɓa yi ba. Allah Ya sa ban bi ta tasa ba. Rajista biyu laifi ne a doka, kuma kwamfutar hukumar tana gane yatsu. A watan Oktoban 2022 shugaban INEC na lokacin, Mahmood Yakubu, ya sanar cewa daga cikin sabbin rajista sama da miliyan 12 an soke fiye da miliyan 2.7, akasari saboda irin wannan dabara. Sabuwar rajista ta wanda ya cika shekara 18 ce, ko wanda bai taɓa yi ba. Irina, wanda ya sauya unguwa, sauyin mazaɓa yake nema. Wanda katinsa ya ɓata ko ya karye kuma, a sake masa wani.

Ranar 28 ga Yuni, 2021 INEC ta buɗe shafin intanet na wannan aiki, na ga ta faɗi gasassa: ba layi, ba rana. Na je wani shagon kwamfuta a wajen Kongo, inda ɗalibai ke buga takardunsu. Yaron shagon yana aikina da hannu ɗaya, ɗayan na kan waya yana duba sakamakon ƙwallo.

"Baba, wace jiha?"

"Kaduna."

"Unguwa?"

"Tudun Wada."

Ya ƙwanƙwasa, ya buga mini takarda, na biya, na naɗe na sa a aljihu ina jin kaina mutumin zamani. Da daddare babbar 'yata, wadda take firamare a lokacin, ta ɗauki takardar tana karantawa da ƙarfi don uwarta ta ji ta iya Turanci. Can ta tsaya.

"Baba, yaushe za mu koma Kaduna?"

Yaro ya kai ni Tudun Wadar Kaduna ta Kudu. Kuma in za a yi adalci, na sha da sauƙi, don Kano na da ƙaramar hukuma sukutum mai wannan suna, Gusau na da tata unguwar, Jos ma haka. A garuruwan Arewa da dama da Turawa suka zauna an yi wa baƙin Arewa Tudun Wada a wajen ganuwa ko a gefen bariki, tamu ta Zariya ma haka ta samo asali, tsakanin Ƙofar Doka da Sabon Gari. Uwargida ta ce ita dai in tafiyar ta tabbata a bar mata firij.

Na koma da sassafe, na ja kujera na zauna kusa da yaron, na karɓe wayarsa na riƙe. Na sa ya karanto mini gundumomin Zariya 13 ɗaya bayan ɗaya, Kwarbai biyu, Unguwar Juma, Limancin Kona, Ƙaura, har muka iso Tudun Wada tana zaune tsakaninta da Gyallesu, na ce a nan za ka ajiye ni. Amma sauyin mazaɓa ba shayi ba ne da za a haɗa maka a tsaye. Aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na 4 ga Satumba, 2021, da na'ura kuma, sabon katina bai fito ba. Tsohon na Muciya yana hannuna, ni kuwa na rantse ba zan sake tsallaka gadar nan a ƙasa ba, ga kuma maganar kuɗin wuta. Na tsaya daga nesa ina kallon tsofaffin layinmu suna shiga suna fita. A zaɓen nan ne Gwamna Nasir El-Rufa'i, wanda ya kawo na'urar, jam'iyyarsa ta sha kaye a akwatinsa na Unguwar Sarki. Na yi kwana da kwanaki ina kafa hujja da wannan a majalisa, cewa na'ura ba ta san gwamna ba. Mai shayi ya ce, "Kai ma ai ba ta san ka ba, Malam."

Kati ya fito a watan Janairun 2023, lokacin da aka sauko da rabonsa zuwa gundumomi. Ba a aike, kowa da ƙafarsa zai je. Hoton 2011 aka maido mini, da suma cike da kai, har mai rabon ya ɗaga ido ya dube ni ya ce Allah Ya ba mu haƙuri. Na yi zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna da shi, amma wannan a wurina sharar fage ce. Na'urata nake jira.

Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa ƙananan hukumomi 774 su riƙa karɓar kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda da kantomomi ba sai zaɓaɓɓu. Jihohi suka shiga sa ranar zaɓe, Kaduna ta sa 19 ga Oktoba. A nan ne na gane bambancin wannan zaɓe da sauran. Ɗan takarar shugaban ƙasa a fosta kake ganinsa. Ɗan takarar kansila kuwa sahu ɗaya kuke sallar asuba, ya san takalminka. Ɗan mai gidan da nake haya ya fito a wata jam'iyya, ya zo har zaure ya durƙusa.

"Baba Malam, ƙuri'arka nake nema."

Saura wata biyu haya ta ƙare. Na ce, "Ai kai ɗa ne, an gama."

Bayan kwana kaɗan ƙanin uwargida, ɗan ƙanwar mahaifiyarta, ya fito a wata jam'iyyar. Shi bai ma durƙusa ba, ta ciki ya bi. Na dawo daga makaranta na tarar da fostarsa a jikin firij.

"Baban yara, ai ba sai an roƙe ka ba."

Na ce ai jini ya fi ruwa kauri, an gama. A raina na ce na'ura ba ta da baki, daga ni sai ita.

Don in ba da tawa gudummawa ga ƙasa, na buɗe aji a zaure ga tsofaffin matan layinmu. Na samo kwalin taliya, na yanke fuskarsa, na zana tsintsiya da lema da makulli da sauran alamomi, na jingina a bango. Kowace ta zo ta taɓa, ni kuma in yi ƙarar na'ura da baki. 'Yata ta ce, "Baba, na ji a rediyo an ce majalisar jiha ta gyara doka, bana da takarda za a yi." Na ce mata jita-jita ce, jihar da ta riga kowa ba za ta koma baya ba, ta je ta yi aikin gida.

Ranar Asabar na jagoranci ajina zuwa rumfa, kowace da katinta ƙulle a bakin mayafi. Muka tarar da tebur, da kundin rajista, da akwatuna biyu, da takardu, da tawada. Na leƙa ƙarƙashin tebur.

"Ina na'urar?"

"Wace na'ura, Baba?" in ji malamar zaɓe.

Wata dattijuwa da muke kira Iya, wadda ta fi kowa ƙwazo a aji, ta juyo da yatsarta a miƙe tun daga gida.

"Ɗan nan, ina talabijin ɗin?"

Na fara bayanin gyaran doka. Ta ɗaga mini hannu.

"Bari, bari. In dangwale ne ai tun 1979 nake yi, kana cikin zani. Makulli na dangwala wa Balarabe Musa. Su Gambo Sawaba sun sha ɗauri kafin a bar mu mu yi. Matsa."

Suka shige ɗaya bayan ɗaya, a duba suna, a ba su takarda biyu masu hatimi da sa hannu a baya, su dangwala, su hura wa tawadar iska, su naɗe a tsaye, su jefa. Babu wadda ta nemi taimakon malaminsu.

Layi ya zo kaina. Ɗan mai gida yana tsaye a gindin darbejiya ta dama yana yi mini murmushi. Ƙanin uwargida yana ta hagu, ita kanta uwargida tana layin mata ta kafe ni da ido. Wurin sirrin kuwa kwali ne aka kewaye, iyakarsa ƙirjina. Na gama da ta ciyaman lafiya. Da na zo ta kansila gumi ya karyo mini. Na luma babban yatsa cikin tawada har ya nutse, na runtse ido, na danna a inda na danna, wanda har gobe ba zan faɗa ba. Don kada wani ya hango, na yi maza na ninke takardar gida biyu a kwance, na murje ta da tafin hannu, na ƙara ninkewa, na sake murjewa, sannan na jefa.

Da yamma aka zazzage akwati a gaban kowa, matasa suna ta a kasa a tsare. Malamar zaɓe tana ɗaga kowace takarda tana kiran jam'iyya, jama'a na amsawa. Can ta ɗauko wata da aka ninke ƙanƙanuwa kamar laya, ta sha wahala kafin ta warware. Ta ɗaga. Yatsa biyu ne a jiki, manya, iri ɗaya sak, ɗaya a gidan jam'iyyar ɗan mai gida, ɗaya a gidan ta ƙanin uwargida. Ɗanyar tawada ce ta haifi 'yar'uwarta a wajen murza.

Wakilan jam'iyyun biyu suka yi kanta. Wannan ya ce tasu ta fi baƙi, wancan ya ce tasu ta fi faɗi. Aka kira ɗan sanda. Aka nemi mai ilimi ya raba gardama, sai idanu suka dawo kaina. Na karɓi takardar, na gyara tabarau, na juya ta sama da ƙasa, na ce bisa ƙa'ida ƙuri'ar da ba a gane nufin mai ita ba ta lalace, kuma abin takaici ne a ce har yanzu akwai jahilan da ba su iya ninke takarda ba.

Iya tana zaune a kan benci. Ta kalli takardar, ta kalli tafin hannuna na dama, wanda tawada ta yi wa shuɗi tun daga yatsa har wuyan hannu. Na sa shi a aljihu.

Washegari aka sanar APC ta lashe kujerun ciyaman 23 da na kansila 255 duka, 'yan adawa suka ce ba su yarda ba. Mai gida ya ƙara kuɗin haya a watan Disamba, ya ce ba don zaɓe ba ne, siminti ne ya tashi. Uwargida ta tambaye ni tsakanina da Allah ko na dangwala wa ƙaninta, na dafa ƙirji na ce yatsana na kan gidan jam'iyyarsa, kuma akwai shaidu.