Yadda Ake Zaɓen Ƙafar Agwagwa Kafin a Nufi Tafkin Madarunfa

Sha'awar nutso idan ta kama mutumin tudu, ba ta yi masa kamun wasa. Saurayi zai ga bidiyo a waya, wani ya goya tulun iska, ya sa faffaɗan takalmi irin ƙafar agwagwa, yana shawagi a ƙarƙashin teku kifaye na ba shi hanya. Washegari sai ka ji shi a tasha yana tambayar kuɗin motar Madarunfa. Sha'awa ce mai kyau, kuma ta cancanci shawara.

Ƙasarmu ba ta da teku, amma Allah ya ba mu tafki kilomita 20 da ƴan kai kudu da Maraɗi, wanda faɗinsa kan kai hekta 800 idan damina ta yi albarka. A kewayensa akwai kaburburan waliyyai 99 da jama'a ke zuwa ziyara. Tun 2006 Nijar ta sa tafkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take nema wa shaidar UNESCO. Shi kuwa takalmin, wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Louis de Corlieu ne ya yi masa rajista a 1933. Ga yadda za ka haɗa su biyun lafiya, ɗan'uwa.

Na farko: fara auna hanya. Akwai dogayen takalma da ke kusan kai mita guda, na masu kurme da numfashi ɗaya a teku mai zurfi. Ka ɗauko irinsu ka hau kabu-kabu, kafin ku fita gari sun mari mai tallan goro, sun share tiren mai ƙosai, direba kuma ya ce kuɗin mutum biyu zai karɓa. Na matafiyi gajere ne, rabin mita ko ƙasa da haka, mai kwanciya cikin jakar goyo a zuge ta ba gardama. Idan kuma wata rana tafiyar ta jirgin sama ce, ka nufi Masar ko Jidda don ganin Bahar Maliya, ka tuna kamfanonin jirage da yawa kilo 7 kawai suke yarda da shi a jakar hannu. Takalmin roba zalla yana da nauyi. Wanda aka haɗa da filastik ya fi sauƙin ɗauka.

Na biyu: dubi dunduniya. Iri biyu ne. Akwai rufaffe, wanda ake zura ƙafa tsirara a ciki. Ba shi da nauyi, ya dace da wanda zai sauka ruwa daga cikin kwale-kwale. Akwai mai buɗaɗɗiyar dunduniya da maɗauri, wanda ake sawa a kan ɗan takalmin roba mai laushi. Ga wanda zai tako daga gaɓa, na biyun ya fi, domin bakin tafki akwai laka, akwai ƙaya, akwai tsohuwar ƙugiyar da ta kuɓuce wa mai ita tun bara tana jiran tafin ƙafar baƙo. Ka riƙe maɗauri na biyu a jaka. Ranar da na farko ya tsinke, ba ka da mai gyara sai mai facin keke, shi kuma duk duniya tsohon tuyub ya sani.

Na uku: gwada da ƙafarka. Kada ka aiki ƙanenka kasuwa da tsinken da ka auna sawunka. Zauna, zura ƙafa, ɗaga ta sama, kaɗa ta da ƙarfi. Idan takalmin ya yi tsalle ya faɗa rumfar maƙwabci, ya yi maka yawa. Idan ƴan yatsunka sun kasa motsi, ya yi maka kaɗan, kuma zai saka maka da kumburi da saɓar fata. Idan a tulin gwanjo ka ci karo da shi, lanƙwasa shi a gaban mai kaya ka duba tsaga, ka kuma tabbata girmansu ɗaya. Mai babba a dama da ƙarami a hagu, kewaya wuri guda zai yi ta yi har la'asar.

Na huɗu: san ƙarfin ƙwaurinka. Takalmi mai tauri yana tura mutum da sauri, amma yana cin ƙarfi. Wanda aikinsa zama a shago ko ofis, idan ya ɗauki mai tauri don a ce jarumi ne, jijiyar ƙafa za ta ɗaure masa a tsakiyar ruwa, inda babu kujerar hutawa. Ɗauki mai matsakaicin laushi. Ruwan tafki a kwance yake, ba wanda ya sa ka tsere da karfasa.

Na biyar: zaɓi launi mai ihu. Ruwan Madarunfa daga gulbi yake zuwa da ƙasarsa, zurfinsa bai wuce ƴan mitoci ba, ƙasansa kuma laka ce. Baƙin takalmi idan ya zame, ya zama gadon tarwaɗa. Rawaya ko ruwan lemo ana hango shi, abokin tafiyarka ma zai san inda ƙafarka take. In ka samu wanda ba ya nutsewa idan an sake shi, ka yi dace.

Na shida: kare shi daga rana da akuya. Zafin bazara a Maraɗi yana haura digiri 40. Takalmin da ya wuni a kan rufin mota zai sauko a karkace, kuma ba ya komawa daidai. Ka wanke shi da ruwa mai tsabta, ya bushe a inuwa, ka ajiye shi a kwance. Kada ka jingine shi a tsakar gida, domin akuya ba ta tambayar farashin abu kafin ta ɗanɗana.

Na bakwai: kada ka sa shi tun daga tasha. Duk wanda ya taka cikin gari da ƙafar agwagwa, yaran unguwa za su raka shi da tafi har bakin ruwa, kuma sunan da za su laƙaba masa zai bi shi har jikoki. A bakin ruwa ake sawa, a shiga da baya-baya a hankali. Idan ka shiga, yi irin shurin kwaɗo, gwiwa a lanƙwashe, tafin ƙafa na turawa baya. Masu nutso sun san wannan shurin ne ba ya tayar da laka. Mai faɗi-tashi da ƙafa kuwa, cikin ɗan lokaci ya dama ruwan ya rasa gabas.

Na takwas, wanda ya fi sauran duka: gaida masu ruwa. Baƙo ko da ido makaho ne. Je ka wurin sarkin ruwa da masunta, ka durƙusa ka ce, “Baba, ina ne ake shiga, ina ne ba a shiga?” Su suka san inda aka shimfiɗa raga da inda aka jera ƙugiyoyi, kuma maɗaurin takalminka da zaren raga ba sa haɗuwa su rabu da daɗi. Ka kalli masuncin ƙasar Hausa a kan gorarsa, daga nan har Argungu: ya kwanta da ciki a kanta, yana tuƙi da hannu da ƙafa, kifin da ya kama yana jefawa ciki. Kayansa sun dace da ruwansa, shi ya sa yake komawa gida kullum. Ka girmama masu ziyarar kaburbura, ka suturta jikinka, ka tattara ledarka.

Sai maganar lafiya. Ruwan da ke kwance a yankinmu kan ɗauki tsargiya, wadda ƙananan katantanwa ke yaɗawa, ƙwayarta kuma ta fata take shiga. Idan ka ga jini a fitsari bayan ka yi iyo, nufi asibiti, akwai magani. Tulun iska kuma ba a goya shi sai an koya a hannun ƙwararre.

Takalmi yana ƙara wa mai iyo gudu, ba ya koya wa kowa iyo. Iya ruwa fidda kai. Don Allah, ɗan'uwa, koyi iyo tukuna a inda ƙafarka ke taɓa ƙasa, kada ka taɓa shiga kai kaɗai, kuma idan masunta suka ce yau ba a shiga, ka mayar da takalminka jaka, ka sayi soyayyen kifi ka kai wa iyali tsaraba.