Mai Gadin da Ya Cinye Rumbu

Tun da na sa Linux Mint a tsohuwar kwamfutata, 'yan majalisarmu ba su ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya ce tasa ta tsaya, sai in gyara zaman hula in fara karatu: wani ɗalibi ne a Helsinki, Linus Torvalds, ya ƙirƙiro Linux a 1991, kyauta ake ba da shi, kuma ni tawa ko mura ba ta taɓa yi ba.

Daren wata Lahadi asirina ya tonu. Washegari zan miƙa sakamakon jarrabawar ɗalibaina, duk yana cikin kwamfutar. Na sa kalmar sirri, allo ya yi baƙi ƙirin, sai ga shi ya dawo yana tambayata kalmar sirri, kamar bai taɓa ganina ba. Na sake. Ya sake. Har sau tara muna gaisawa a ƙofa.

Autana na fara tuhuma, don ya taɓa shayar da madannan kunu. Daga shi sai wutar da aka ɗauke da yamma. Na danna Ctrl da Alt da F2, na faɗa baƙin allon nan da ba hoto sai rubutu, na buga journalctl. Layuka suka yi ta kwarara, wasu ja, ni kuwa ina gyaɗa kai kamar na gane. Na cire manhajar da ke sarrafa hoton allo, na mayar, na kashe, na kunna. Shiru.

Uwargida ta leƙo. "Malam, ba wannan ce wadda ba ta mura ba?"

Ban tanka ba.

Da asuba na aika a taso ɗan yayana, yaron da ko gemu bai fara ba. Yana hamma ya ce, "Baffa, rubuta df -h." Na rubuta. Ma'ajiyar ta cika taf, 100%. Ashe in za a shiga, sai tsarin ya ajiye wasu 'yan ƙananan fayiloli; in ba wuri, sai ya maido mutum ƙofa ba tare da ya ce uffan ba.

Mai laifin kuwa Timeshift ne, manhajar da ke adana kwafin tsarin don ranar ɓacin rana. Ni da hannuna, don tsabar tsantseni, na umarce ta ta ajiye na kowace sa'a, na kowace rana, da na kowace kunnawa, na kuma ƙara adadin da za ta riƙe, duk a ma'ajiya guda. Na ɗauki mai gadi, na zuba shi cikin rumbu da iyalansa.

Yaron ya goge tsofaffin kwafin, kwamfuta ta buɗe. Na ba shi kuɗin kati, na ce maganar ta tsaya tsakaninmu.

Da yamma ina isa majalisa, mai shayi ya miƙo kofi yana murmushi: "Malam, ya mai jiki?"