Shawarwarin Rubutu a Ƙasar Dambatta

Shawarar da aka fi ba mai rubutu a ƙauyukan arewacin Kano, daga Dambatta zuwa Bichi da Kunchi, ta malaman boko ce: a taƙaita. Tana da amfani a takardar neman taki daga ƙaramar hukuma, wadda dama ba lalle a karanta ta ba. Wasiƙar da ake aika wa ɗan ci-rani da ke Legas kuwa dokarta daban. Sai ta yi masa ban gajiya, ta jero gaisuwar baffanni da gwaggonni ɗaya bayan ɗaya, ta ba da labarin damina da akuyar da ta haihu, sannan ta taɓo batun kuɗi a layin ƙarshe. Wadda ta fara da kuɗi, ta maroƙi ce. Shi ma mai karɓa ya san tsarin, daga ƙasa yake soma karatu.

Akan kuma ce mutum ya rubuta abin da ya sani. Marubutan littattafan soyayya, tun shekarun 1980, sun saurari wannan cikin ladabi suka ajiye gefe. Wadda ta wuni tana sussukar gero ba ta hayar littafi don ta karanta sussukar gero. Gidan bene take nema da attajirin da bai yi aure ba.

Lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, wadda ta zauna a boko tun shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya, ita ce ƙa'idar rubutun da ta cancanci biyayya. Ita kuma aka fi yi wa tawaye, ana ɗora wa waya laifi.