Mai Jinya a Free Fire

Free Fire, wasan harbin nan na kamfanin Garena da ya fito a 2017, yana haɗa mutum huɗu ƙungiya guda. A wata ƙungiya, ɗan wasa na Kazaure yana ɓarin wuta ba ƙaƙƙautawa. Na Roni kuwa aikinsa bin waɗanda aka kayar yana tayar da su, yana ajiye musu harsashi da magani. In an ci wasa, allo ya naɗa mai harbin gwarzo. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Sannan a juyo kan mai jinya: "Haba mutumina, ko mutum ɗaya ba ka kashe ba?" Bawan Allah kuwa yana can saman dutse yana farautar sabis, da datar da ya ranto.