Zuwa ga Ɗan Gwaggo, mai Corollar da ke gaida kowa a hanyar Gwaram

Ɗan Gwaggo, bawana na gado, ina gaishe ka irin gaisuwar ubangida ga yaronsa, a tsaye kuma a gajarce. Labarinka ya riga ka isowa Birnin Kudu, don dama ƙarar ƙafar motarka kan riga ka shiga gari. An ce ka sayar da riɗi, kuɗi sun zauna maka a aljihu suna yi maka ƙaiƙayi, har ka rantse sai ka sake wa Corollar nan taka ƙirar 2005 ƙafafu. An kuma ce barci ya ƙaurace maka saboda shawara biyu da ke kokawa a kanka. Samarin bakin tasha sun nuna maka bidiyon motocin 'yan gayun Dubai a TikTok, ciki na shafar ƙasa, rim na walƙiya, ka ce kai ma haka za a yi maka. Washegari direbobin Golf masu lodin kasuwar Sara suka ce kai, ɗaga ta za a yi, a cusa mata sifesa. Tunda haƙƙin bawa yana wuyan ubangidansa, bari in raba maka gardama a bainar jama'a, don na san halinka, in a zaure na faɗa maka gobe za ka ce kai ka gano.

Mu fara da zancen saukar da ita ƙasa, wanda shi ne ya fi ba ni dariya. Corolla irin taka, in babu kowa a ciki, tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce santimita 15 ba. Gajeren sifirin da samarin nan ke yi maka talla zai cinye uku ko huɗu daga ciki. Sai kai ka shiga da tumbin da ka ajiye tun da aka ƙara maka girma a ofis, uwargida ta shiga, yara uku a baya, kwandon awara a but. Me ya rage? Daga Gwaram zuwa Birnin Kudu, ka wuce Kwanar Huguma ka nufi Wudil, kusan duk garin da titi ya ratsa sai ka tarar da tudun rage gudu, wani ma mutanen gari ne suka gina abinsu da hannu, ba su shawarci injiniya ba. Salansa ce za ta fara gaisawa da shi. In ta tsira, kaskon man inji na nan a ƙasa yana jira, ranar da ya tsage kuwa baƙin mai zai tsiyaye a hanya kana ta sauraron rediyo, kafin ka ankara inji ya buga. Wannan fa a kan kwalta ke nan. Ban yi maganar hanyar burjin da kake bi zuwa gona da damina ba, inda tayoyin manyan motoci kan haƙa kwari biyu su bar tudu a tsakiya. A kan tudun nan za ka kwana, yaran ƙauye su kewaye ka suna kallon ɗan gayu.

Sai batun rim mai inci 17. Je ka duƙa gaban tayarka, in tumbin ya bari, ka karanta abin da aka rubuta a gefenta: 195/65 R15. Faɗinta milimita 195, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato wajen milimita 127 na roba da iska tsakanin ƙarfen rim da titi. Tayar da za ta hau rim 17 ɗin da kake mafarki, 215/45, gefenta milimita 97 ne kacal. Santimita uku na cushe ka zubar, kuma shi ne abin da ke fara shanye duka in ka faɗa rami. Da siririyar taya, rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya fito mata da ƙulu a gefe ko ya lanƙwasa rim ɗin. Mai facin bakin tasha kuwa tsofaffin tayoyin da ke rataye a rumfarsa na 14 da 15 ne, in ka ce masa 17 sai ya tura ka Kano.

Na san abin da ke ranka, Ɗan Gwaggo. An ce akwai wata malamar asibiti a nan garinmu da kake yawan zuwa a auna maka hawan jini, alhali lafiyarka ƙalau. 'Yan matan Birnin Kudu ba rim suke kallo ba, kuma ko suna kallo, ba a ba bawa 'yar gidan iyayen gijinsa sai da izinina.

Direbobin Golf sun fi samarin hankali, amma su ma rabin gaskiya suka faɗa maka. Ƙafar mota aiki biyu ne a hannun abu biyu. Sifirin shi ke ɗauke da nauyi, shi ke yanke tsayin mota. Shokozoba ba ta ɗaukar kaya, aikinta ta hana sifirin ci gaba da rawa bayan an taka rami: mai ne a cikin bututu ake tilasta masa bi ta ƙananan ƙofofi, shi ke kashe tsallen. Shi ya sa motarka, da shokozobarta ta mutu tun bara, in ka taka birki a gaban masallacin Juma'a sai ta yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare a kan katanga, mutane na amsawa suna zaton gaisuwa ce. Sifesa kuwa ɗan zobe ne da ake sawa a saman ƙafa, tsayi kawai yake ƙarawa, ko kilo ɗaya ba ya ƙara wa mota na ƙarfin ɗaukar kaya. In an tsaya a santimita biyu, ba laifi, zai raba ka da tudun hanya. In aka zarce, shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba zai koma aiki a karkace, robarsa ta yage, yashi ya shiga, ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas duk lokacin da ka karya kwana. Ga shi mota mai tsayi ta fi saurin kwantawa gefe in aka sha kwana da gudu. Dabarar nan ta cusa guntun tsohuwar taya tsakanin zoben sifirin, ko ɗauko sifirin babbar mota a dasa a baya, tana yi wa mai lodi rana don kullum a cike yake. Kai da rabin tafiyarka daga gida zuwa ofis ne kai kaɗai, bayan motar zai riƙa tsalle yana sakin titi, ƙugunka kuma ya ba ka labari. Jiki magayi.

Lodin ma ai shi ne asalin ciwon. Buɗe ƙofar direba ka duba 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, in mai fenti bai shafe ta ba. Abin da Toyota ta yarda motar nan ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya, bai kai kilo 400 ba. Buhun masara huɗu sun riga sun wuce iyaka tun direba bai shiga ba. Kai kuwa na gan ka da idona ranar kasuwa, buhu biyu a but an ɗaure murfin da igiyar roba, biyu a kujerar baya, ɗan akuya a tsakani, fitilun gaba na haska saman bishiya. Alhaji Aliko Ɗangote, da ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta garinmu, da ya tashi jigilar siminti ai tireloli ya saya. Ka ga bambancin wanda ya sha ruwan Birnin Kudu da wanda ke zuwa cin tuwo kawai.

In gyara kake so na gaskiya, kafin ka sayi komai ka kai ta wurin bakanike mai haƙuri, ya ɗaga ta a jak. Ka tsaya a kansa, kar ka tafi shan shayi. Zai kama taya sama da ƙasa ya girgiza, in ta yi ƙwal-ƙwal to bol joyin ne ko bodin. Ya kama dama da hagu ya girgiza, in da wasa to tayarod ne. Ya sa ƙarfe ya banƙari hannun ƙasa, ka ga robar bushin ko ta tsattsage. Sannan ka leƙa jikin shokozoba: in ka ga mai ya zubo ƙura ta manne masa ya yi baƙi kirin, ta gama aiki. Sau da yawa ƙarar da ke hana mutum sakat daga 'yan ƙananan abubuwan nan take, waɗanda kuɗinsu duka bai kai na rim ɗaya ba. Bol joyin kuwa ba abin wasa ba ne. Ka tambayi masu Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda ake yi wa laƙabi da EOD, nawa ne ka gani a gefen titi tayar gaba ta kwanta ta bar mota a durƙushe?

Wurin sayen shokozoba, Ƙofar Ruwa a Kano za ka, kuma a nan ne za a gane kai ɗan Gwaram ne tun daga yadda kake riƙe da jaka. Za a jera maka kashi uku: sabuwa ta ainihi, sabuwa ta kwali kawai, da ta Beljiyam wadda aka ciro daga wata motar. Sunaye irin KYB ta Japan, Sachs da Bilstein na Jamus, da Monroe, duk sanannu ne, sai dai sanannen suna shi masu jabu suka fi bugawa a kwali. Tun da aka saki Naira a 2023 kayan mota suka yi tashin gwauron zabo, don haka in an sa maka farashin da ya yi maka daɗi ƙwarai, ka tuna araha ba ta ado. Ta Beljiyam caca ce, ba wanda ya san kilomita nawa ta ci a ƙasarsu. In ita aljihunka ya iya, ka danna sandar da hannu har ƙasa ka saki: in mai gas ce, ya kamata ta yi tauri wajen shiga, ta dawo a hankali da kanta, babu tsalle babu jiƙewar mai. Ka sayi irin wadda aka ƙera don motar, daidai da ta asali, ka bar masu taurin nan na motocin tsere. Biyu-biyu ake sakewa, na gaba tare, na baya tare, kar rowarka ta sa ka sake ɗaya. In an gama ɗaurawa a kai ta a saita ƙafa a na'ura, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye gefe guda kafin kaka.

Ka tuna Fijo 504 ta kawunka, wato babana, wadda kake wankewa kana yaro ana ba ka ƙanzo? A 1975 aka fara haɗa irinta a Kaduna, a shekarar ce kuma ta lashe tseren Safari a Kenya, a kan hanyoyin da suka fi naku muni. Sirrinta dogon sifirin mai laushi ne, da taya mai kauri, da ciki mai nisa da ƙasa. Faransawa sun gane haka shekara hamsin da suka wuce, kai kana nan kana karɓar fatawa daga yaran da ko keke ba su mallaka ba.

Hukuncina ke nan: rim 15 ya zauna inda yake, a sake bushin da bol joyin da duk abin da ya yi wasa, a sa shokozoba huɗu na kirki, sifirin baya in ya kwanta a sa sabo irin nasa, sifesa kar ta wuce santimita biyu, buhuna kuma a ba motar haya. In ka ƙi ji, ranar da ka maƙale kar ka kira ni, lambar mai jan mota zan turo maka. Canjin da ya rage kuma ka kawo shi Birnin Kudu, ladan shawara ne, ba zan cire shi daga kuɗin sharar da kake zuwa karɓa da cika-ciki ba. A gaida Gwaggo, ka ce mata ɗan ɗan'uwanta na nan yana ta fama da tarbiyyarka.