Zuwa ga Bawana na Zazzau, Likitan Waya

Bawana, a ƙa'ida kai ne za ka fara gaishe ni. Amma tunda kana cikin zaman makoki, bari in sauko: sannu da rashi. Na ji saƙon muryar da ka turo da asuba ta wayar maƙwabci, kana cewa "wayar uwargida ya mutu, kuma ya ce sai na biya shi." Sau uku na saurara ban gane wa ya mutu, wa zai karɓi kuɗi ba. Ku dai Zagezagi, ko a ranar musiba ba za ku bai wa mace haƙƙinta a magana ba.

Ga abin da na tattaro. Hajiya ta yi ƙorafi cewa cajinta ba ya kai la'asar. Maimakon ka sayo mata sabon batir kamar kowane miji mai tsoron Allah, sai ka ce ai kai ɗan birnin ilimi ne, ka gani a intanet ana canza wa waya kanel ta daina shan caji. Da ka fara faɗa min, na ɗauka wani Kanar ka samu a barikin Jaji.

Kanel ɗin nan ita ce ginshiƙin gidan. Manhajojin da kake gani a fuskar waya 'yan haya ne, kowa da ɗakinsa. In WhatsApp ta rikice, ɗakinta kaɗai ya rushe, a share a sake gini. Kanel kuwa ita ke raba wa kowa wurin ajiya, ita ke magana da kyamara da batir da eriya, kuma babu wani a samanta da zai ce mata kin yi kuskure. In ta yi tuntuɓe, soron gaba ɗaya ke zubowa. Abin kunya ne a ce Bakano ke koya wa jikan Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'ar garinku, cewa ba a sassaƙar ginshiƙi mutane na kwance a ciki.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yawan ƙofofin da ka ɓalle kafin ka isa wurin. Da farko sai da ka dangwali lambar ginin manhajar sau bakwai kafin ɓoyayyen shafin masu ƙira ya fito. Mutum mai hankali, tun a dangwali na huɗu zai tambayi kansa me ya sa aka ɓoye. Sannan ka kunna maɓallin buɗe makullin tayar da waya, ta yi maka gargaɗi, ka ce ka ji. Ka jona ta da kwamfuta, ta sake tambayarka, har da faɗa maka ƙarara cewa za ta goge duk abin da ke cikinta. Wannan gogewar da gangan aka sa ta, don kada ɓarawo ya buɗe makullin ya kwashe sirrin mai waya. Kai ka danna "na yarda", hotunan bikin ƙanwarta suka bi ruwa. Ka yi sa'a ma ba Samsung ba ce, don su akwai wani ɗan fis a ciki da ke ƙonewa da zarar an ɗora baƙuwar kanel, kuma ba ya gyaruwa. Ko ka rantse da abin da zai kashe ka ba ka taɓa ba, wayar za ta ba da shaida a kanka.

Saura kariya ɗaya, wadda ta fi duka tausayi. Tun 2016 Android ta fito da tsarin rumbu biyu: a zuba sabon abu a ɗaya, tsohon na nan a ɗayan, in sabon ya ƙi tashi wayar ta koma wa tsohon da kanta. Kai da ka ga rumbu biyu, sai ka ce adalci ya kamata, ka cika su duka da abin da ka sauko da shi. Ko kwafin tsohuwar ba ka ajiye ba. Yanzu ga ta nan, ta nuna tambari, ta mutu, ta sake nuna tambari, tun daren Talata.

Da na tsare ka, sai ka kawo min hujjar 'yan boko, wai ai manyan kamfanonin Amurka ma sun yi. To bari in ba ka labarin daidai, don na ga rabinsa ka sani. Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, ƙarfe biyar da minti tara na asuba agogon Najeriya, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wani ɗan fayil ga kwamfutocin da ke amfani da manhajarsa. Manhajar tasu a cikin kanel ɗin Windows take zaune, kuma Microsoft ta duba ta, ta buga mata hatimi. Sai dai ɗan fayil ɗin ba ya bi ta wannan ƙofa, mai gadin kamfanin ne ke duba shi, mai gadin kuma ya yi gyangyaɗi. Fayil ɗin ya nemi abu na 21 a inda guda 20 kaɗai aka tanada. Manhajar ta miƙa hannu inda babu komai, kanel ta faɗi, allo ya koma shuɗi. Cikin minti 78 suka janye shi, amma bakin alƙalami ya bushe: Microsoft ta ƙiyasta na'urori miliyan 8.5. Asibitoci, bankuna, filayen jirgi. Kamfanin Delta kaɗai ya soke tashin jirage kusan 7,000. Gyaran kuma yawanci sai da hannu, ma'aikaci ya bi kwamfuta ɗaya bayan ɗaya yana goge fayil ɗin.

Ka lura da abin da ya kashe su. Duk uwar da ke girki ta san a ɗanɗana miya kafin a zuba wa baƙi. Su kuwa suka tura wa duniya baki ɗaya a lokaci guda, maimakon su fara da 'yan kwamfutoci kaɗan su ga ko za su tashi. Bayan ɓarnar ne suka yi alkawarin turawa kashi-kashi. Wato su kariya ɗaya ko biyu suka tsallake. Kai na ƙirga maka biyar, kuma kowacce sai da ta roƙe ka.

Mutanen Linux, waɗanda kanel ɗinsu ce ma ke cikin wayar Hajiya, sun daɗe da sanin irinku. In ka cusa mata wani yanki da ba daga gidansu ya fito ba, sai ta shafa wa kanta alamar cewa ta gurɓata, kuma in ka kai ƙara aka ga alamar, yawanci ce maka za a yi ka cire baƙon tukuna ka dawo. Suna da wani tsari kuma, eBPF, inda kafin ƙaramar manhaja ta shiga kanel sai mai tantancewa ya bi duk hanyar da za ta iya bi. In akwai inda za ta yi ta zagaye ba ƙarshe, ko ta taɓa ajiyar da ba tata ba, a bakin zaure za ta kwana. Da ana yi wa mutane haka a Kwanar Dangora, da mun huta da ku.

Wayar Hajiya dai na kai wa yaron da ke min gyara a Farm Centre. Ya jujjuya ta, ya tambaye ni ko yara ne suka yi wasa da ita, na ce a'a, malami ne. Ya ce zai yi mata filashin, ya mayar da ita gidan jiya, ya sake kulle makullin, don in ba haka ba manhajar bankinta ma ba lallai ta yarda ta buɗe ba. Hotuna kam ya ce a yi musu addu'a. Batir ɗin kuma ya kumbura, shi ne ciwon tun farko.

Kuɗin gyara da na batir na biya, na haɗa da kuɗin sharar bara da ba ka kawo ba. Ka zo ranar Asabar da mazarƙwaila mai kyau, ba irin ta bara mai yashi ba. Wayar kuma ba a hannunka zan sa ta ba. Hajiya ta kira ni ta ce ƙaninta zai zo ya karɓa, kuma ta riga ta zaɓi sabuwar lambar sirri.