Yadda Bado Ya Tarbe Ni a Dajin Karura

Mu da muka tashi a Kano zamanin da Raleigh da Phoenix ke tashe, ba a yi mana gorin keke. Na sha ɗauko buhun gero a kariya daga Dawanau, na sha goya ƙannena ɗaya a baya ɗaya a kan ƙarfe. Shi ya sa da wani taro ya kai ni Nairobi, ɗan ƙanwata da ke karatu a can ya ce mu je dajin Karura mu hau keken daji, ban tambayi komai ba sai ƙarfe nawa za mu fita.

Ya ce, "Kawu, hanyar tsaka-tsaki ce, za mu zaga ta bakin tafki mu dawo inda muka tashi. Sai dai akwai hawa da gangara."

Na ce, "Kai yaro, ina hawan keke uwarka ba ta yi wayo ba."

Karura daji ne na sosai, amma a cikin birni yake, dab da unguwar Gigiri inda ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya suke. Faɗinsa ya haura hekta 1,000, kuma tun 1932 aka keɓe shi. A bakin ƙofa aka nuna gorar ruwan da ke hannuna aka ce ba ta shiga, don tun 2020 Kenya ta hana shiga irin waɗannan wurare da robar da ake sha a yar. Doka ce mai kyau. Amma Bakano ba ya zubar da abin da ya sa kuɗi ya saya, don haka na tsaya nan na kafa kai na shanye ruwan tas. Na shiga daji cikina yana ƙugi.

Keken da aka ba ni haya ba kariya, ba ƙararrawa, tayoyinsa duk haƙora, sirdinsa kuwa ko ɗan yaye ba zai ishe shi zama ba. Mai hayar ya dubi kaftanina na shadda, ya dubi yaron, ya yi shiru. Sannan ya fara bayani: wannan giyar hawa ce, wannan ta gudu, birkin na faifai ne, yatsa ɗaya ya isa, na dama shi ne na gaba, kada a damƙe shi a gangara. Na riƙa gyaɗa kai irin na manya, hankalina yana kan yadda zan kifa hular kwano a bisa zanna bukar ɗina ba tare da ta karye ba.

Farkon tafiya daɗi. Inuwa ko ta ina, iska mai sanyi, hanya shimfiɗe. Na wuce wasu Turawa masu sassarfa ina cewa "A ba da hanya!" tunda babu ƙararrawa. Har na juya na ce wa yaron ya ƙara wuta, kada ya ba ni kunya.

Sai ga hawa.

Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, Nairobi kuwa ta haura mita 1,600. Iskar can ba ta ƙosar da huhun baƙo. Ban kai rabin tudun ba ƙirjina ya koma zugazugin maƙera. Na tuna an yi maganar giya, na danna wani abu da babban yatsa, feda ta ƙara nauyi. Na miƙe tsaye na taka da duk ƙarfina, na danna ɗayan. Ji kake ƙararas, kaca ta zame, ƙafafuna suka yi ta juya iska, ni da keke muka kwanta a gefe a hankali, cikin mutunci.

Yaron ya zo yana mayar da kaca. "Kawu, tun kafin a fara hawa ake sauya giya, kuma sai an sassauta ƙafa. In ka sauya kana dannawa da ƙarfi, faɗuwa take yi."

Na ce gwada ingancinta nake yi. Muna cikin haka wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta zo ta wuce mu a kan ɗan kekenta, ta ɗaga mini hannu.

Da na turo keken zuwa saman tudu, na sami kututture na zauna, na ciro ayaba. Ban gama ɓarewa ba wani biri mai farin maƙogwaro, irin waɗanda suka cika dajin, ya diro ya karɓe ta, ya koma reshe yana ci yana kallona. Da ma an ce kada a ba su abinci. Ni dai ban ba shi ba, Allah shaida.

Yaron ya ce mu tashi. Nan take na ji ƙaunar tarihi ta kama ni. Na ce ya zauna ya gaya mini yadda aka yi daji ya tsira a tsakiyar birni. Ya ba ni labarin Wangari Maathai, wadda ta tsaya tsayin daka lokacin da aka fara yanka dajin ana rabawa masu gine-gine. A watan Janairun 1999 ta zo dasa itatuwa, 'yan daba suka fasa mata kai, amma ba ta janye ba har aka fasa ginin. A 2004 ta zama mace ta farko daga Afirka da ta karɓi lambar Nobel ta zaman lafiya. Ya yunƙura zai miƙe, na ce to kogunan dutsen da aka ce suna cikin dajin fa? Ya ce a nan mayaƙan Mau Mau suka riƙa ɓuya lokacin da suke yaƙar Turawan Ingila a shekarun 1950. Na ce sai me kuma? Ya ce akwai tsohon wurin da Babban Bankin ƙasar ke ƙona tsofaffin takardun kuɗi. Wannan kam ya taɓa mini zuciya, na nemi ƙarin lokaci in yi juyayi.

"Kawu, in ka huta mu tafi. Saura gangara kawai."

Gangara kuwa ita ce abin da nake jira. An yi ruwa da daddare, jar ƙasar nan ta yi santsi, saiwoyin itatuwa sun gitta hanya. Na saki keke. Da farko iska ce ke kaɗa ni, daga baya na lura itatuwa sun daina tsayawa a gan su. Gindin kaftani ya shiga tsakanin taya da ƙarfe yana fat-fat-fat. Yaron yana ihu daga baya, ban ji me yake cewa ba. Can ƙasa hanya ta karya kwana, ni kuwa na hango wani fili kore shar, shimfiɗe, na ce alhamdu lillahi, ga wurin tsayawa. Sai da na matso na ga filin yana ƙyalli. Tafkin ne. Tsohon ramin fasa dutse ne da ya cika da ruwa, bado ya rufe shi ruf.

Na damƙe birki biyu da yatsu goma. Gaskiyar mai haya, birkin faifai ba ya wasa. Keke ya tsaya cak. Ni ne ban tsaya ba.

Da na buɗe ido ina zaune cikin taɓo har ƙugu, ganyen bado a kafaɗa, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Mutanen da ke hutawa a bakin tafkin suka taso suna yi mini sannu da Sawahilanci. Yaron ya iso, leɓensa na rawa.

"Kawu, ka ji ciwo?"

Na ce, "Zurfin na sauka in duba. Ba shi da yawa."

Abin da ba a gaya wa mutum game da hanyar zagaye shi ne, in ka kai tsakiya, gaba da baya duk nisa ɗaya ne. Haka na turo keke da takalmi ɗaya, farar shadda ta koma ja, muna wuce iyalai suna janye 'ya'yansu gefe. Mai hayar ya karɓi kekensa, ya juya taya, ya matsa birki, ya ƙirga haƙoran giya, sai da ya tabbatar lafiya lau sannan ya tambayi lafiyata. Kafin in amsa waya ta yi ƙara. Ƙanwata ce daga Kano: "Yaya, ashe har iyo kake koya a can?" Hoton ya riga ya shiga zauren dangi na WhatsApp.

Duk da haka, wanda Allah ya kai Nairobi ya daure ya je Karura, don dajin ya cancanci jinin da aka zubar a kansa. Amma ka bar kaftani a masauki, ka saurari mai haya har ya kai aya, ka sauya giya tun kana ƙasan tudu, ka taɓa birki da yatsa ɗaya. In kuma da ɗan ƙanwarka za ka, ka karɓe wayarsa tun daga bakin ƙofa.